Rabin Labarin da Na Ba Inna

Aikina na farko a Sakkwato tafinta ne, a wani kantin Turawa masu sayen fatu da ƙiraga. A lokacin Turawa ba su daɗe da zama a ƙasar ba. Ni kuwa daga wani ƙauye na fito a ƙasar Zazzau, inda 'yan mishan suka koya mini boko da Turanci. Baturen kantin ba ya jin Hausa sai "kawo" da "tafi", mahauta da dillalan fata kuma ba su jin Turanci, sai aka dasa ni a tsakiyarsu.

Wanda bai taɓa yin tafinta ba yana tsammani aikin shi ne ka faɗi abin da aka faɗa. Ina! Aikin shi ne ka san abin da za ka zubar a hanya. Dillali zai zo ya fara da gaisuwa, ya tambayi gida da gajiya da zafin gari, ya yi wa Bature addu'ar tsawon rai, sai in juya in ce da Turanci yana gaisuwa, ya kawo fatu. Bature ya ɗaga fata ɗaya ya ga inda wuƙa ta huda ta, ya zagi mai ita har kakansa, sai in juya in ce, "Bature ya ce a riƙa kula wajen fiɗa." Kowa ya tashi da mutuncinsa. Na ƙware a wannan har ina ji da kaina. Abin da ban lura ba shi ne magana ta daina zama a cikina. Ta shiga ta kunne ta fita ta baki, roƙo ne ko zagi ko rantsuwa, duk da murya ɗaya nake fitar da su, kafin azahar kuma na manta.

Muna haya a Ƙofar Kware, ni da mahaifiyata, a wani sashe na gidan wani mahauci, dattijo mai barkwanci wanda bai taɓa damuwa da cewa mu Kirista ne ba muddin muna share ƙofarmu. Mahaifina ne ya fara bin Almasihu a gidanmu. Inna ta daɗe tana kallon abin daga nesa, sai bayan rasuwarsa ta karɓa, ana gab da tasowarmu. Saboda haka ta zo Sakkwato da bangaskiya sabuwa fil, amma ba ta san komai daga Littafi Mai Tsarki ba sai 'yan kaɗan. Babu majami'a a garin. Akwai wasu akawuna daga bakin teku da ke taruwa ran Lahadi a ɗakin ɗayansu, su yi waƙa da Turanci. Na kai ta sau ɗaya. Da muka dawo ta ce muryoyin sun yi daɗi, amma ta tashi da yunwarta. Littafin da nake da shi na Turanci ne, wanda aka ba ni a makaranta, ita kuma ko baƙi ɗaya ba ta sani ba. Duk abin da za ta ji daga Maganar Allah, ta bakina zai bi.

Ni ne ɗanta na fari, kuma Inna tana da kunya irin ta mutanen da. Ba ta taɓa kiran sunana ba. Ba ta kallon fuskata in muna magana, kai, yawanci ma ba da ni take maganar ba, da bango take yi. In tuwo ya nuna sai in ji ta ce, "A gaya wa masu zuwa kanti abinci zai huce." In na yi zazzaɓi takan dafa sabara ta ajiye a bakin ƙofa ta wuce kamar wani ne ya manta da ita a wurin. Na san al'ada ce, kowa ya sani. Amma sanin al'ada bai hana ni jin zafi ba, musamman da yake sunan autanta ba ya barin bakinta tun safe har yamma.

Autan nan ya sayar da jakin mahaifinmu ya bi masu aikin layin dogo zuwa kudu, ko sallama bai yi ba, ko saƙo bai aiko ba. Ni na zauna. Ni na ɗauko ta, ni ke ciyar da ita, ni ke shaƙar warin ɗanyar fata duk yini. Amma ba mu daɗe da sauka ba ta sayi ɗan akuya ja a hannun maigidanmu mahaucin, aka dandaƙe shi ya zama taure, ta ɗaure shi a gindin 'yar ƙaramar kurnar tsakar gida. Ta ce na ranar da auta zai dawo ne. Dusa da harawar da yake ci kuwa, ba sai na faɗi wanda ke saya ba. Nakan tsaya in dube shi da idon sana'a, in ce a raina fatar nan lamba ɗaya ce, ba ƙurji ba tabo. Iyakar alherin da na taɓa yi masa fata ke nan.

Kullum da safe, in maƙwabta sun dawo daga masallaci gari ya fara haske, Inna takan shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakinta, ta zauna ta ba ni gefe, ta ɗauki mazarinta da auduga. Ni kuma in zauna a kan turmi in buɗe Littafi, ina gani da Turanci ina juyawa da Hausa. Yadda take saurare ya isa ya ba ni kunya tun a lokacin, da ina da hankali. Da magana ta taɓa ta sai mazarin ya tsaya cak. Takan ɗauki jimla ɗaya ta yini da ita. Wata rana da bazara na dawo daga kanti na tarar da randa a ƙofar gida, da moɗa a kan murfinta, masu jakuna suna tsayawa suna sha. Na shiga na tambayi wanda ya fitar mana da randa waje. Inna ta dubi tauren ta ce, "Ji wata tambaya. Wa ya karanta mana da safe cewa ko ruwan sanyi ka ba mutum ba ka yi asara ba?" Na tsaya ina lalube a kaina. Ni na karanta, da bakina, amma ko kusa ban tuna ba.

Haka nake yi mata aikin kanti a kan tabarma. Inda aka yi dogon bayani in gajarta. Inda aka jera abubuwa in faɗi biyu in ce "da sauran irinsu". Inda magana ta yi kaifi in dasashe ta, kamar zagin Bature. Idona na kan shafi, hankalina na kan rana, kada ta ɗaga in makara.

Ran nan muka iso labarin mutumin nan mai 'ya'ya biyu, wanda ƙaramin ya karɓi rabonsa ya tafi wata ƙasa ya lalatar, yunwa ta koro shi gida. Tun daga farko mazarin Inna ya tsaya. Da na kai inda uban ya hango shi daga nesa ya sheƙa a guje ya rungume shi, sai na ji tana jan hanci. Aka sa masa riga, aka yanka kiwataccen maraƙi, aka fara kiɗa. To, idon tafinta kullum yana gaban bakinsa. Bakina na wurin biki, idona ya riga ya gangara ƙasa ya ga sauran. Babban wan ya dawo daga gona ya ji kiɗa, ya yi fushi ya ƙi shiga. Uban ya fito da kansa yana lallashinsa. Shi kuma yana cewa shekara da shekaru yana bauta, ko ɗan akuya ba a taɓa ba shi ba. Na ɗaga kai, ga jan tauren nan yana tauna harawar da na saya jiya, yana kallona.  Na rufe Littafin na ce nan ya ƙare.

Labarin ya shiga ran Inna ƙwarai, ta riƙa neman a maimaita shi. Duk sanda na karanta, a wurin cin nama nake tsayawa. Ita kuma duk sanda na tsaya sai ta tambayi bango.

"Ai cewa aka yi 'ya'ya biyu. Ina babban?"

"Yana gona, Inna."

"Ba a aika a kira shi ba?"

"Rana ta yi, Bature na jira."

Na riƙa gaya wa kaina cewa don ita nake yi, kada ta ji kamar da ita ake. Ƙarya ce. Fushin babban wan ba shi ya tsorata ni ba, wannan na san shi kamar tafin hannuna. Fitowar uban ce ba na so in ji. In na bar wannan maganar ta zauna a cikina, to ba ni da sauran hujjar riƙe ƙullin da nake riƙe da shi, ni kuwa ina son ƙullina. Ina jin daɗin zama wanda aka zalunta. Wuri ɗaya tak a Littafin nan ya kira ni kai tsaye, wurin kuma na yi wa kunnen uwar shegu, na kuma toshe shi ga wadda ba ta da wata ƙofa sai ni.

Can cikin shekarar Inna ta fara wani sabon hali. Ina karatu sai ta ce, "A ƙara faɗa." In ƙara, ta ce a sake. Tabarmar ta fara matsowa kusa da turmina, ita da a da take barin tazara tsakaninmu. Ta fara neman karatu har da yamma, tana maimaita abin da ta ji a hankali, leɓunanta na motsi. Na ɗauka rigimar tsufa ce. Maimakon in ƙara mata, sai na ƙara ragewa, har da tsaki a ciki-ciki. Maigidanmu ne ya tare ni a zaure wata safiya yana wasa wuƙarsa.

"Tahinta, kana kuwa lura da tsohuwa? Jiya na yi sallama har na gaji, tana zamne ba ta ko waiwayo ba. Kunnenta ya yi nauyi hwa."

Na ce masa tunanin autanta ne ke ɗauke mata hankali, na wuce kanti. Ita ta san abin da ke zuwa. Tana tara abin da za ta ci in ƙofa ta rufe, ni kuma ina auna mata da mudun da na lotsa wa gindi.

Da damina ta yi zazzaɓi mai zafi. Ta tashi, amma abin da ya rage na jinta ya tafi da zazzaɓin. Yadda na gane shi ne wata safiya ina cikin karatu tauren ya tsinke igiya ya nufi kwaryar gero, na katse a tsakiyar jimla na daka masa tsawa. Da na juyo na ga Inna tana ta gyaɗa kai a hankali, kamar har yanzu ana karatun. Na ce, "Inna." Shiru. Na ɗaga murya. Ta ci gaba da gyaɗa kai, mazarin yana juyawa.

Na kai ta asibitin Turawa. Likita ya leƙa kunnuwan da 'yar fitilarsa, ya tafa hannu a bayan kanta, sannan ya gaya mini da Turanci cewa babu abin da za a iya yi. Bisa sabo na juya wajenta don in fassara, har na fara neman yadda zan sassauta maganar. Sai na tuna ba wanda zan fassara wa. Na dawo da maganar gida a haka.

Kashegari na ɗauka an gama da karatun safe. Na fito na tarar ta shimfiɗa tabarma. Ta ce wa bango, da ƙarfi irin na wanda ba ya jin muryarsa, "A karanta. Nawa kunnen ne ya mutu, na mai karatu yana nan."

Na zauna na buɗe. A karo na farko tun da na koyi aikin nan na karanta magana ba wanda ke jiran in miƙa masa ita. Ba ta da inda za ta, sai ta zauna. Na nemi labarin 'ya'yan nan biyu, na wuce wurin kiɗa, na bi babban wan daga gona har bakin ƙofa. Na ji uban yana ce masa ai kullum yana tare da shi, duk abin da yake da shi nasa ne. Na sauko daga turmi na durƙusa dab da kunnenta na faɗi sauran labarin da Hausa, da iyakar muryata. Ta juyo ta zuba wa bakina ido, ita da ba ta taɓa kallon fuskata ba. Na sake faɗa. Na nuna gabas wai gona, na nuna ƙofa, na kama hannun kaina ina ja. Ta girgiza kai. Maigidan ya leƙo ta kan danga a firgice.

"Lahiya dai, tahinta? Mi yah hwaru kaka yi ma tsohuwa tsawa?"

Na ce masa karatu nake yi mata. Ya dube ni, ya dube ta, ya koma.

Abin da ya fi ci mini rai ya zo daga baya. Inna ta riƙa fito da abin da ta tara. Tana kaɗi tana faɗa wa kanta da ƙarfi, duk gidan na ji, labari bayan labari, ba ta sauya ko kalma. Kalmomin kuwa nawa ne. Inda na gajarta, a gajarce yake wurinta. Inda na dasashe, a dasashe. Har "da sauran irinsu" ɗina takan faɗa da ladabi, ta ɗan sunkuyar da kai, a zatonta daga bakin Ubangiji ya fito. Ina zaune a ɗaki ina jin gaggawata da ƙyuyata suna dawo mini da muryar uwata. In ta zo labarin da ta fi so, takan kai wurin cin nama, sannan ta ce, "Babban yana gona." Sai mazarin ya daɗe bai motsa ba.

Tun daga lokacin na san cewa mutum na iya riƙe Littafi kowace safiya, ya karanta wa wasu har a yaba masa, zuciyarsa kuwa ta bushe kamar ƙirgin da aka shanya aka manta. Har yau da na tsufa idona bai daina riga bakina ba, kuma har yau yakan hango wurin da ba ya so ya ce mini mu tsallake. Na koyi cewa nan ne zan tsaya in sake karantawa, don yawanci nan ne ake magana da ni. Ba kullum nake iyawa ba. Akwai safiyoyin da nake rufe Littafin in rasa abin da na karanta, sai in tuna da randar ƙofar gida in ji kunya.

Bayan kaka, wata ranar kasuwa, na dawo daga kanti da la'asar. Tun daga lungu na ji ƙamshin hayaƙi da hayaniyar mata a gidanmu. Na shiga zaure na leƙa, sai ga maigidan ya rataye jan tauren a reshen kurna yana fiɗa, matansa na wanke kayan ciki. Na ce a raina shi ke nan, auta ya dawo. Da ma a ce murna ce ta fara zo mini, bayan duk abin da na karanta na kuma ji. Ba ita ba ce. Tsohon zafin nan ne ya taso mini har wuya. Na ja da baya na zauna a dakalin zaure, na kasa shiga.

Maigidan ya hango ni, ya fito da wuƙa a hannu.

"Tahinta, mi kaka yi nan waje awa baƙo? Tsohuwa tac ce a yanka."

"Ya iso ke nan, Malam?"

"Wa? Ba wanda yat taho. Na tambaye ta da hannu ko baƙo munka yi, ba ta kula ni ba. Nama dai ga shi, har maƙwabta anka ce a kai ma."

Ina cikin juya maganar sai na ji takun ta. Inna ba ta fitowa zaure, amma ran nan ta fito, tana dafa bango, mayafinta ya zame gefe ɗaya. Ta tsaya a kaina, ta kau da fuska wajen ƙofa, ta yi magana da muryar nan tata mai ƙarfi har masu wucewa suna waiwaye.

"Na yi ta juya labarin nan. Mai karatu ya ce a wurin cin nama ya ƙare. Ni dai ban yarda ba. Wanda ya haifi biyu ba ya iya haɗiye nama ɗaya na gona bai ci ba. In uba ne, da ƙafarsa zai fita ya nemo shi."

Ta tsaya tana haki. Sannan ta miƙo hannu ba tare da ta dube ni ba, ta laluba ta kama bakin rigata.

"A gaya wa na gona ya shigo. Akuyar tasa ce."

Na tashi na bi ta, tana gaba tana jan rigata kamar yaron da aka ɗauko daga wasa. Aka zuba mini nama a akushi, ta zauna nesa kaɗan ta ba ni gefe, tana satar kallo ta ga ko ina ci. Na ci, hawaye na zuba a cikin romon. Na buɗe baki in ce mata haka yake a rubuce, Inna, ya fita, da ƙafarsa ya fita, ni ne na ɓoye miki. Ta ga bakina na motsi, sai ta ce wa ɗaya daga matan maigidan a ƙara masa, bai ƙoshi ba.

Ta yi shekaru bayan wannan, kullum tana shimfiɗa tabarma, kullum ina karanta mata cikakke. Har ta rasu ban sami hanyar gaya mata ba.